Fitilar Mota Mai Daidaita Kanta: Dalilan Lalacewarta da Hanyoyin Gyara

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin tafiyar dare a kan hanyar da motoci ke gilma wa juna ya san halin da direba kan shiga idan fitilar motar da ke tahowa ta dalle masa ido. Na ɗan lokaci ba ya ganin gefen titi, ba ya ganin mai keke, balle dabbar da ta fito daga daji. Galibi akan ɗora laifin a kan ɗaya direban, a ce ya ƙi yin dim. Sai dai kuma sau da yawa direban nan bai kunna dogon haske ba. Gajeren hasken ne ya ɗaga kai sama, ko dai saboda kayan da aka labta wa bayan motar, ko kuma saboda na'urar da aka ɗora wa aikin sunkuyar da fitilar ta daina aiki.

Wannan makala za ta yi bayani a kan wannan na'ura, wato yadda take aiki, da abubuwan da ke lalata ta, da matakan da ake bi wajen gano cutar da gyara ta. Za a nuna cewa kuskuren da bai kai digiri ɗaya ba a kusurwar fitila ya isa ya jefa rai cikin haɗari, kuma sau da yawa asalin cutar ba a cikin fitilar yake ba, yana can ƙarƙashin mota inda ido bai cika kaiwa ba.

1. Lissafin kusurwar haske

Babbar fitilar mota tana ba da haske iri biyu: dogon haske, wanda direbobi ke kira ful, da gajeren haske, wanda suke kira dim. Gajeren haske yana da iyaka daga sama. Idan aka haska bango da shi za a ga wani layi da ya raba wurin da ke da haske da wurin da ke da duhu. Masu ƙera mota kan saita wannan layi ya sunkuya ƙasa kaɗan, domin hasken ya sauka a kan titi, kada ya kai idon mai tahowa. A motocin da aka ƙera bisa ƙa'idar Turai akan rubuta yawan sunkuyawar a jikin fitilar ko kusa da ita, kamar 1.0% ko 1.2%. Ma'anar 1.0% ita ce, a kowace mita ɗaya da haske ya yi gaba, layin zai sauka da santimita ɗaya. A ma'aunin kusurwa wannan digiri 0.57 ne kacal.

Alal misali, a ɗauki motar da fitilarta ke da tsayin santimita 65 daga ƙasa. Idan sunkuyawar 1.0% ce, layin hasken zai taɓa titi a nisan mita 65. To, a ce an cika but da buhunan hatsi, mutum uku kuma suka zauna a kujerar baya, har bayan motar ya zauna da santimita 4 fiye da gabanta. Idan tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya santimita 270 ce, sai a raba 4 da 270, a sami kusan 1.5%. Wato gaban motar ya ɗaga da 1.5%. Da aka cire sunkuyawar 1.0% ta asali, sai ya zama hasken yana hawa sama da 0.5%. A nisan mita 50 layin ya kai tsayin santimita 90, a mita 100 kuma ya kai santimita 115, wanda shi ne kusan tsayin idon direban ƙaramar mota. Hasken da aka yi domin titi ya koma cikin idon mutum ke nan.

Haka kuma abin yake da haɗari idan fitilar ta sunkuya fiye da kima. Idan ta maƙale a 3%, layin zai taɓa titi a nisan mita 22 kawai. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cinye mita 22 a daƙiƙa ɗaya, kuma kusan daƙiƙa ɗaya ce direba ke buƙata tsakanin ganin abu da taka birki. Bayan ya taka, a kan busasshiyar kwalta mai kyau motar za ta ƙara kimanin mita 35 kafin ta tsaya. Jimla mita 57 ke nan, alhali fitilar mita 22 ta nuna masa. Saboda haka ɗagawa tana cutar da mai tahowa, sunkuyawa kuma tana cutar da mai motar da fasinjojinsa.

2. Taƙaitaccen tarihi

Wannan matsala ta daɗe tana damun masu ƙera motoci. A shekarar 1948 kamfanin Citroën na Faransa ya fito da ƙaramar motarsa 2CV, wadda bayanta ke zama sosai idan an yi mata lodi. An saka mata wani maɓalli da direba ke murɗawa daga cikin mota, wanda ke jan fitilun sama ko ƙasa ta hanyar sandar ƙarfe. A 1954 kamfanin fitilu na Cibié, shi ma a Faransa, ya haɗa fitilun da sifirin ɗin mota, ta yadda za su gyara kansu ba tare da sa hannun direba ba. Daga 1990 Jamus ta wajabta wa sababbin motoci su kasance da hanyar daidaita fitila gwargwadon lodi. Wannan ne ya sa ake ganin ɗan maɓalli mai lamba 0, 1, 2, 3 kusa da sitiyarin motocin Turai da yawa: sifiri na motar da ba lodi, sauran lambobin kuma na ƙarin nauyi ne.

Babban canji ya zo a 1991, lokacin da kamfanin BMW ya fara saka fitilar zenon a manyan motocinsa. Ana auna yawan hasken ƙwan fitila da ma'aunin da ake kira lumen. Ƙwan halojin na gajeren haske yana ba da lumen 1,000 zuwa 1,500, shi kuwa na zenon mai wat 35 yana ba da kusan 3,200. Hasken da ya kai haka ba a barin daidaita shi a hannun direba, domin yana iya mantuwa. Saboda haka ƙa'ida ta 48 cikin ƙa'idojin ƙera motoci na Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ƙasashen Turai ke bi, ta wajabta na'ura mai daidaita kanta ga gajeren hasken da ya wuce lumen 2,000. Amurka kuwa ba ta sa wannan sharaɗi a dokarta ba. Wannan bambanci ya shafi Nijeriya da Nijar kai tsaye, domin motocin hannu da ake shigowa da su ta tashoshin Legas da Kwatano wasu daga Turai suke, wasu daga Amurka. Ana iya samun motoci biyu iri ɗaya, guda tana da na'urar, guda ba ta da ita tun daga kamfani.

3. Sassan na'urar da yadda suke aiki

Na'urar tana da sassa huɗu da ke aiki kamar sarƙa.

Na farko shi ne ma'aunin tsayi, wanda kanikawa ke kira sensa. Ɗan akwati ne na roba da bai wuce ƙwan kaza ba, an ɗaure shi a jikin motar daga ƙasa, kusa da tayar baya, wasu motocin kuma suna da wani a gaba. Yana da ɗan hannu mai juyawa, kuma wata siririyar sanda mai gaɓa a kowane kai ta haɗa hannun da ƙarfen da ke riƙe da taya. Idan bayan mota ya zauna, sandar ta tura hannun ya juya. A tsofaffin ma'aunai hannun yana goga wani zirin gawayi ne, kamar maɓallin ƙara sautin rediyo. A na baya-bayan nan kuwa yana juya ɗan maganaɗisu a gaban wani ƙwayar lantarki, bisa abin da Edwin Hall na Amurka ya gano a 1879, cewa maganaɗisu yana karkatar da lantarkin da ke bin ƙarfe zuwa gefe guda. Galibi ana ba ma'aunin lantarki bolt 5, shi kuma ya mayar da saƙo tsakanin rabin bolt da bolt huɗu da rabi, gwargwadon juyawar hannun. Akwai kuma waɗanda ke aika saƙonsu ta hanyar bugun lantarki mai tsawo ko gajere.

Na biyu su ne wayoyi da soket-soket da ke ɗaukar wannan saƙo daga ƙarƙashin mota zuwa ciki.

Na uku ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, wato 'yar kwamfutar da ke karɓar saƙon ma'auni tare da saƙon gudun mota, ta lissafa yawan karkatar motar, sannan ta ba da umarni.

Na huɗu shi ne ɗan injin lantarki da ke bayan kowace fitila. Yana da sanda mai dunƙulallen kai da ke shiga wani gurbi a bayan madubin fitilar. Idan sandar ta fito ko ta koma, madubin ya sunkuya ko ya ɗaga. A yawancin motocin zamani injin yana tafiya ne taki-taki, ƙwaƙwalwar tana ƙirga takin. Wannan ne dalilin da ya sa idan aka tayar da irin waɗannan motoci ake ganin hasken ya yi ƙasa sannan ya dawo: injin yana neman mafarin ƙirgarsa ne.

Na'urorin iri biyu ne. Akwai mai gyara fitila saboda lodi kawai, wadda ke aiki a hankali. Akwai kuma mai saurin aiki, wadda ke gyara fitila har lokacin da gaban mota ya dunguri ƙasa saboda birki, ko ya ɗaga saboda an taka totur.

4. Dalilan lalacewa

(a) Sandar haɗi. Ita ce ta fi kowane sashe shan wahala, domin tana motsi a duk ramin da taya ta faɗa, kuma ruwa da laka da ƙura suna kanta kullum. Gaɓoɓinta kan yi tsatsa su ƙage, sai sandar ta lanƙwashe, ko ta karye, ko ta karya hannun ma'aunin. Idan ta karye, hannun ya rataya, ƙwaƙwalwar ta ɗauka an yi wa motar lodin da ya wuce misali, ko kuma bayanta ya ɗaga sama. Hanyoyi masu ramuka da lakar damina suna gaggauta wannan lalacewa.

(b) Ma'aunin kansa. Ruwa kan shiga cikinsa idan murfinsa ya tsage, musamman a motar da ke ratsa ruwa ko ake wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi. A tsofaffin ma'aunai zirin gawayin kan side a daidai wurin da hannun ya fi zama, sai haske ya riƙa rawa sama da ƙasa.

(c) Wayoyi da soket. Tsatsa mai launin kore a bakin soket, ko wayar da ta goge a jikin ƙarfe, ko wadda ɓera ya ci, duk suna katse saƙo. Haka nan fis da ya ƙone.

(d) Ɗan injin fitila. Haƙoransa na roba kan cinye, zafi kuma kan busar da su. Wani lokaci injin lafiyarsa lau, dunƙulallen kan sandarsa ne ya fice daga gurbinsa, sakamakon karo ko hannun da ya danna madubi da ƙarfi wajen canza ƙwai. A nan akan ji ƙarar injin amma haske ba ya motsi.

(e) Ɓacewar saiti. Ƙwaƙwalwar tana riƙe da adadin da ma'auni ya nuna ranar da aka saita motar ba lodi. Idan aka canza sifirin ko shokozoba, ko aka ƙara wa motar tsayi saboda munin hanya, ko sifirin ya gaji ya zauna, wannan adadi ya tashi daga aiki. Har ila yau, bakanike kan mayar da hannun ma'aunin a juye bayan ya gama aiki a ƙafar mota, sai na'urar ta riƙa ɗaga fitila a lokacin da ya kamata ta sunkuyar da ita.

Idan ƙwaƙwalwar ta ga saƙon da bai shiga hankali ba, motoci da yawa kan kunna alamar gargaɗi a gaban direba, su tsayar da fitilun inda suke ko su sunkuyar da su ƙasa. An tsara haka ne da gangan, domin kare idon masu tahowa. Saboda haka fitilar da ta koma haska gindin mota farat ɗaya tana ba da labari ne cewa wani abu ya katse a sarƙar.

Akwai kuma abubuwa biyu da ke kama da wannan cuta alhali ba ita ba ce. Na farko, saka ƙwan zenon ko na LED a fitilar da aka ƙera domin halojin yakan watsa haske ya ɓata layin iyakar, kuma babu saitin da zai gyara shi. Na biyu, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kamar yadda Nijar take yi. Fitilar da aka ƙera domin hannun dama layinta yana ɗan hawa ta gefen dama, domin haska bakin titi. Wadda aka ciro daga motar Ingila ko Japan kuwa ta hagu take hawa, wato daidai inda mai tahowa yake. Maganin waɗannan biyu shi ne mayar da fitila ko ƙwan da ya dace.

5. Matakan bincike da gyara

Ƙa'idar aikin ita ce a fara da abin da ido ke gani kuma mai araha, kafin a kai ga mai tsada.

Mataki na ɗaya, gwajin bango. A sami fili mai daidai da bango a gabansa. A tabbatar iskar tayoyi daidai take, but babu kaya, mutum ɗaya kuma yana kujerar direba. A matso da motar jikin bango a sa alama a tsayin tsakiyar kowace fitila, sannan a ja da baya a miƙe mita 10. A tayar da inji, a kunna gajeren haske. Idan an rubuta 1.0% a fitilar, layin zai kasance santimita 10 ƙasa da alamar, idan 1.2% ce, santimita 12. Motocin kasuwar Amurka suna da nasu ma'aunin, sai a duba littafin motar.

Mataki na biyu, a lura da fitila nawa abin ya shafa. Idan duka biyun ne suka kauce tare, ba a fitilar gizo ke saƙa ba, sai a nufi ma'auni ko waya ko ƙwaƙwalwa, domin su ne fitilun suka yi tarayya a kai. Idan guda ɗaya ce, to a nufi injinta ko soket ɗinta.

Mataki na uku, gwajin nauyi. Inji yana aiki, fitila a kunne, mutum biyu ko uku su zauna a bakin but. Hasken zai hau bango, kuma idan na'urar lafiya take zai sauko wurinsa bayan ɗan lokaci. Idan ya tsaya a sama, saƙo ba ya isa. Idan ya ƙara hawa, an ɗaura hannun ma'auni a juye.

Mataki na huɗu, duban ƙarƙashin mota. A duba sandar haɗi, a cire kanta guda a juya gaɓar da hannu. Wadda ta ƙage ko ta karye sai a canza ta da mai tsawo ɗaya da ita. A zare soket a duba tsatsa da ruwa, a bi wayar da hannu.

Mataki na biyar, gwajin lantarki. Da na'urar auna bolt a tabbatar bolt 5 yana isa ma'auni, sannan a juya hannun a hankali ana kallon saƙon da ke fita. Ya kamata ya hau ko ya sauka ba tsalle. Na'urar binciken mota ta kwamfuta kuma tana karanta lambar cutar da ƙwaƙwalwa ta ajiye, tana iya umartar injin fitila ya motsa domin a gwada shi.

Mataki na shida, sabon saiti. Bayan canza ma'auni ko wani abu a ƙafar mota, sai a tsayar da ita a fili mai daidai ba lodi, a sa ƙwaƙwalwar ta riƙe wannan tsayi a matsayin mafari. A yawancin motoci da na'urar bincike ake yin haka. Sai bayan wannan ne ake taɓa sukurorin saiti da ke bayan fitila, a daidaita layin da alamar bango.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da ya kamata a guje musu. Ɗaya ita ce murɗa sukurori a ɗaga fitilar da ta sunkuya ba tare da an nemi dalili ba. Ranar da saƙon ya dawo, injin zai ƙara nasa ɗagawar a kan ta bakanike, haske ya tafi sama. Ɗayar ita ce ɗaure hannun ma'auni da waya a wuri ɗaya. Alamar gargaɗi za ta mutu, amma na'urar ta makance, ba za ta ƙara sanin an yi lodi ba.

Wajibi ne a kiyaye abu biyu saboda tsaron rai. Fitilar zenon tana tashi ne da lantarkin da ya haura bolt 20,000, don haka ba a taɓa bayanta sai an kashe ta, an zare makulli, an cire kan batir. Haka kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an kafa mata abin tokare mai ƙarfi ko an hau da ita ramin gareji.

6. Gwaji domin aji

Malami zai iya nuna wannan darasi da tocila, da katako mai tsawon mita ɗaya, da littattafai. A ɗora katakon a kan littattafai biyu masu kauri ɗaya, guda a kowane kai, a ɗaure tocilar a kansa tana haska allo daga nisan mita 5. A sa alama a tsakiyar hasken. Sannan a rage santimita ɗaya daga tsayin littafin baya. Ɗalibai za su ga hasken ya hau da kimanin santimita 5. Daga nan sai su gwada yawan takardar da za a cusa a ƙarƙashin gindin tocilar kafin hasken ya koma kan alamar. Aikin da hannunsu ya yi shi ne aikin ɗan injin fitila, idonsu kuma ya tsaya a matsayin ma'auni.

Kammalawa

An ga cewa santimita 4 na zaman bayan mota sun isa su ɗauke haske daga titi su kai shi idon mutum a nisan mita 100, kuma fitilar da ta sunkuya da yawa ba ta ba direba lokacin tsayawa. An kuma ga cewa na'urar da ke hana wannan sarƙa ce mai sassa huɗu, kuma sashen da ya fi rauni shi ne siririyar sandar da ke ƙarƙashin mota. Mai motar da ya saba gwada fitilarsa a bango bayan kowace damina, da kuma duk lokacin da aka yi aiki a ƙafar motar, zai gano cutar tun tana ƙarama. Wanda motarsa ke da maɓallin hannu kuwa, sai ya tuna ya murɗa shi idan ya yi lodi, ya mayar da shi sifiri idan ya sauke.

Tambayoyi domin ɗalibai

1. Fitilar wata mota tana da tsayin santimita 72, an rubuta 1.2% a jikinta. A nisan mita nawa layin haske zai taɓa titi?
2. Tazarar tayoyin gaba da na baya na wata mota santimita 250 ce, bayanta ya zauna da santimita 5. Idan sunkuyawar asali 1.0% ce, tsayin fitilar kuma santimita 60, ina layin zai kai a nisan mita 40?
3. Fitilar hagu ta wata mota ta sunkuya, ta dama kuwa daidai take. Wane sashe ya kamata a fara dubawa, kuma me ya sa?
4. Me ya sa ɗaure hannun ma'auni da waya ba gyara ba ne?